Namijin Dabinon Alhaji Milad

Sanoussi mutumin Gidimuni ne, can ƙasar Damagaram, inda ake koyon hawan dabino tun ƙuruciya. Ya shigo Sabha, birnin Larabawa da ke ƙetaren hamada, yana ɗan shekara ashirin da 'yan kai, da jakar leda ɗaya da tarin da ya kwaso a hanyar hamada. Mako uku ya yi yana tsayuwa bakin titi a unguwar Manshiya tare da sauran 'yan cirani, kowa da kayan aikinsa a gabansa, mai guduma da gudumarsa, mai cebur da ceburinsa. Shi igiyar hawa kawai ya ajiye. Ita Alhaji Milad ya hango daga cikin tsohuwar motarsa, ya tsaya.

"Kai, kana hawa dabino?" Da Hausa ya tambaye shi, irin wadda ya tsinta a bakin kakarsa, rabinta Larabci.

"Ina hawa, Alhaji."

"To shiga mota."

Shekara goma sha ɗaya ya yi a gonar dattijon nan a Wadi Bawanis, can wajen gari. Hajiya Zohra, matar gidan, ita ta yi ta dafa masa saiwoyi har tarin ya sake shi. Da ya koma gida ya auro Talatou, ɗakin da ke kusa da injin ban ruwa aka share musu. Ba a taɓa cin nama a gidan nan ba a aiko musu da kwano ba.

Dabino akwai mace akwai namiji, kuma macen ba ta yin 'ya'yan kirki sai an kai mata furen namiji da hannu. Ƙarshen sanyi, in kwanson furenta ya tsage, mai hawa zai hau da 'yan silin furen namiji, ya cusa a tsakiyar nata, ya ɗaure da ganye ɗaya. Kwanaki kaɗan ne gare shi. In suka wuce, shekara ta wuce. A gonar Alhaji akwai namiji guda ɗaya tsoho a bakin rijiya, mahaifinsa ne ya dasa shi. Furensa fari ne sol, mai yawan gari, ƙanshinsa har bakin hanya. Alhaji ba ya wuce shi bai shafa jikinsa ba.

Zamani ya juya, kowa ya riƙe salula. Wani ɗan garinsu, Moutari, mai yi wa gidaje ado da farar ƙasa, shi ya fara sa masa abin a rai.

"Kai har yanzu ubangida ɗaya gare ka kamar jakin ɗaukar ruwa? Sa hotonka a intanet kana bisa dabino, ka rubuta lambarka. Yanzu kowa ubangidan kansa ne."

Haka kuwa aka yi. Kafin wata biyu kira ya fara shigowa daga gonakin da bai taɓa jin sunansu ba. Ya je ya durƙusa gaban Alhaji yana kame-kame, dattijon ya yi dariya ya ce ya tafi, Allah ya sa albarka, namiji ba ya tsufa a gonar wani. Abu ɗaya ya roƙa.

"Dabinona dai, ɗana. Idona ya yi rauni, ƙafa ta ƙi. Kowace shekara kai za ka yi musu."

Sanoussi ya ɗauki alkawari, kuma da zuciya ɗaya ya ɗauka. Ya kama ɗaki a Manshiya, ya sayi moto, wato babur. Talatou ta fara yin awara tana sayarwa a ƙofar gida. Shekara biyu ya cika alkawarinsa.

A ta uku ne aikin ya fi ƙarfinsa. Mai zaman kansa ba ya iya cewa a'a, don wanda ka ce wa a'a bana ba zai neme ka baɗi ba. Kowa ya kira sai ya ce gobe in Allah ya yarda, har goben ta yi masa yawa. Ya riga ya yanko furen tsohon namijin nan, ya shanya shi a inuwa, ya zuba a buhu don gonar Alhaji. Sai ya isa wata gona ya tarar nasu furen ya yi laushi, ya ce bari ya ɗan ɗiba a buhun. Washegari ma haka. Mutane suka fara cewa hannun Sanoussi akwai albarka, bai ce musu ga inda albarkar ta fito ba.

Ranar da ya isa Wadi Bawanis ya makara da kwana shida, buhun kuma saura kaɗan a gindi. Ya yi wa na kusa da gida. Da ya kai layin baya, dogayen nan da suka fi ba da 'ya'ya, sai ya zura hannu ya ji wayam. Salula na ta ruri a aljihunsa, wani mai gona yana jiransa kafin la'asar. Alhaji na zaune a ƙasa bisa tabarma, ya kare ido da tafin hannu yana duban sama.

"Lafiya dai, ɗana?"

"Lafiya lau, Baba."

Ya tattara furen macen ya ɗaure da ganye, babu komai a ciki. Daga ƙasa ba mai iya bambancewa. Ya sauko ya hau na gaba, ya sake ɗaurewa. A ransa yana cewa jibi zai dawo da fure ya kwance ya gyara. Jibin ta same shi a gonar wani, mai nisan tafiyar awa biyu.

Tun daga nan sallarsa ta daina yi masa daɗi. Yana sujada sai ya ga ganyen nan a ɗaure. Talatou ta lura ya daina cin dabino in an buɗe baki da azumi, ta tambaye shi, ya ce haƙori ne. Hajiya Zohra ta aiko musu da kuskus ranar salla, ya ce cikinsa ba daɗi, ya fita. Sau uku yana kama hanyar gonar don ya faɗi gaskiya, sau uku yana juya kan moto a gidan mai.

Da zafi ya kama, abin ya fito fili. Layin baya duk ya yi abin da mutanen nan ke kira shis, 'yan ƙananan 'ya'ya uku-uku a gindi ɗaya, ba ƙwallo, ba zaƙi, sai dai a zuba wa awaki. Alhaji ya kira shi. Sanoussi ya je, ya shirya jin duk abin da za a faɗa masa. Sai ya tarar an shimfiɗa masa tabarma, an ɗora shayi.

"Kada ka sa damuwa, ɗana. Na ga aikinka da idona, kowane ka hau. Tsohon nan ne ya ƙare." Ya nuna namijin da sandarsa, bai dube shi ba. "Ya tsufa kamar ni. Yana shan ruwa a banza. Maƙwabcina ya ba ni aron injin zarto. Ba na so baƙon hannu ya taɓa shi, kai za ka kayar."

Hajiya Zohra ta leƙo daga ƙofa ta ce, "Ya Haj, dashen mahaifinka ne fa."

"Na sani, Zohra. Kwana uku ina istihara."

Sanoussi ya ɗauki injin ya tafi bakin rijiya. Ya tsaya a gindin bishiyar. Wajen da Alhaji ke shafawa ya yi sumul, har yana ƙyalli. Ya kama igiyar tayar da injin, hannunsa ya ƙi ja. Bishiya ba ta da bakin da za ta ce ba ita ba ce, kuma ya san ranar da za a ba kowane abu baki tana nan zuwa. Ya ajiye injin a ƙasa, ya dawo ya durƙusa, ba a kan tabarmar ba, a kan yashi.

"Baba, ba laifinsa ba ne. Furensa lafiya lau yake. Gonakin mutane na kai shi. Na layin baya, ganye kawai na ɗaure."

Shayin ya tafaso ya zube a kan gawayi, ba wanda ya sauke.

"Ina zaune a ƙasa ina yi maka addu'a kada ka faɗo," in ji shi a hankali. "Ashe wofi kake ɗaurewa."

"Ka yafe mini, Baba."

"Da ka ce mini fure ya ƙare, da na aika an nemo. Magana ɗaya ce." Ya dafa sandarsa ya miƙe. "Allah mai yafiya ne, shi ka fara roƙo. Ni ka ba ni lokaci. Mayar wa mutumin nan da injinsa."

Bishiyar tana nan a tsaye. Da sanyi ya zagayo, wani mutumin Agadas aka kira ya hau ta. Sanoussi har yanzu yana zaman kansa, aiki bai yanke masa ba, sai dai yanzu yana cewa a'a, kuma wasu sun daina kiransa saboda haka. Duk Juma'a yakan bar masallatan cikin gari ya tafi na Wadi Bawanis, ya jira a bakin ƙofa har Alhaji ya fito. Yakan yi masa sallama. Dattijon yakan amsa cikakkiya, yadda addini ya ce, sannan ya nemi takalmansa ya wuce.