Shaiɗanun Goggo Deolinda

Goggona Deolinda, ƙanwar mahaifina, cikin yumɓu ta tashi kamar sauran matan ƙauyenmu na Galegos. A zamanin ƙuruciyarta maza ne ke ginin tukwane da tuluna. Mata kuwa ragowar yumɓun suke tattarawa, su murza zakaru masu usur a jela, da shanu, da 'yan badujala, a cusa su a lungunan murhun gashi inda tukunya ba ta shiga. Ta auri Kawu Belmiro, mutumin da in ya yi magana sau uku a wuni sai a ce yau ya cika surutu. Shi ke kula da wuta, ita ke kula da baki.

Ba abin da hannunta bai iya ba, amma shaiɗanu ne suka yi mata suna: jajaye, masu ƙaho, wani na kaɗa jita, wani na bisa keke. Yadda suka samu hancin da aka san su da shi kuwa, akuya ce sanadi.

Adérito mai gyaran takalma katanga ɗaya ce tsakaninsa da su. Wata shekara, gab da Kirsimeti, akuyarsa ta tsallako ta bi ta kan tumaki da makiyaya da waliyyan yumɓu da Goggo ta jera a rana, ta tattake su kaf. Da aka kira shi ya ga ɓarna, maimakon ya ba da haƙuri sai ya ɗaga kafaɗa ya ce ai ƙasa ce ta koma ƙasa. Goggo ta tattara gutsattsarin ta shige ɗaki. Wannan haƙurin nata ya fi komai tsorata Kawu Belmiro.

Ba a jima ba, wata Alhamis ta baje kayanta a kasuwar Barcelos, sai ga kowane shaiɗan da dogon hanci mai karkata hagu, da tawadar Allah a bisa. Kafin rana ta take, labari ya kai shagon Adérito. Ya zo da hularsa a hannu yana huci.

"Deolinda, wannan hancin na wane ne?"

"Na shaiɗan ne mana, maƙwabci. Ko kun san juna ne?"

Ya kai ƙara wurin limamin cocinmu. Limami ya zo, ya ɗauki guda ya jujjuya, ya dubi Adérito, ya sake duban shaiɗan, ya ce shi dai bai taɓa ganin Iblis ido da ido ba, don haka ba zai iya rantsuwa cewa ba haka hancinsa yake ba. Da zai tafi an ga aljihun rigarsa ya yi tudu.

Adérito ya daina gaishe su. Amma sai baƙi daga Porto da Braga da suka sayi shaiɗanun suka fara tambaya ko gaskiya ne akwai mai hancin. Aka riƙa nuna musu shagonsa. Da farko korar su yake yi da guduma. Daga baya aka lura duk Alhamis yana rufe shago, ya saka rigar zuwa coci, ya zauna a bencin da ke kusa da rumfar Goggo, wai hutawa yake. In an ɗaga na'urar hoto sai ya juya fuska gefe don hancin ya fito sosai.

Haka aka yi shekaru, ba gaisuwa, ba kuma Alhamis ɗin da ya fasa. Sai wani hunturu ciwon ƙafa ya kwantar da Kawu Belmiro, ga kaya sun bushe suna jiran wuta. Da safe Goggo ta ji ana faskare a bayan gida. Adérito ne. Ya jera kayan a murhu yadda Kawu ya riƙa nuna masa ta taga, ya yi ta yi har Kawu ya miƙe. Miyar kabeji da burodin masara da take ajiye masa a kan dutse yakan cinye, ya kife kwanon, ya tafi.

Zuciyar Goggo ta yi sanyi. Ta yi wa sababbin shaiɗanunta ɗan guntun hanci irin na kowa, dogon kuma ta ɗora wa wani makiyayi mai ɗauke da ɗan rago. Ranar kasuwa Adérito ya tsaya a gaban rumfa ya daɗe yana kallo, fuskarsa ta ɓaci.

"Me na yi miki, Deolinda?"

Ta ce alheri ya yi mata, shi ya sa ta fitar da shi daga wuta.

"Wa ya roƙe ki? Wa zai zo daga Porto ganin makiyayi? Ki mayar mini da hancina inda kika ɗauko shi."

Kawu Belmiro ya yi dariya har sai da ya zauna a kan akwatin zakaru. Mako na gaba hanci ya koma mazauninsa, gaisuwa ma ta dawo.

Adérito ya rasu da daɗewa, shaiɗan guda na nan a tagar 'yarsa. Goggo ta haura tamanin, hannunta na rawa, don haka ni nake shafa musu fenti yanzu. Bana likita ya hana ta gishiri da ruwan inabi, ta ce to, Allah ya saka. Jiya ina shafa ja sai na ga kunnuwan shaiɗanun sun yi faɗi kamar faifai, ga kuma ɗan tabarau a kan hanci, sak irin na likitan. Ranar Talata za mu koma asibiti, ta ce in naɗe mata guda a takarda.