Gwiwar Chaïbou

Chaïbou mutumin Damagaram ne, maƙwabcina a gidajen haya na titin Wendover a nan Amirka, kuma ban taɓa ganin mai arhar gwiwa irinsa ba. Shekara goma sha bakwai yana lodin kaya a wani sito a Greensboro, amma da ya hangi furfura sai ka ji shi rif a ƙasa. Ko a waya yake gaida babba, a durƙushe yake yi. Abin taƙamarsa a duniya ɗaya ne, shi ne ladanin ɗan masallacinmu. Muryar dai sai haƙuri, amma bai taɓa makara ba.

Wata tsohuwa 'yar ƙasar Laos da suke aiki tare ta roƙe shi ya kai ta da ƙawayenta ziyarar gidajen ibadarsu na addinin Buddha guda uku, su ƙare da shan iska a wani gari na bakin tafki, can wajen duwatsu. Chaïbou bai iya ce wa tsoho a'a ba. Ya cika motarsa da tsofaffi shida da kulolin shinkafa.

A na farko da na biyu cikin mota ya zauna yana jan carbi. A na uku fitsari ya matse shi. Yana fitowa daga bayi ya yi kiciɓis da babban malaminsu, tsoho tukuf, kai ƙwal, ya yafa mayafi ruwan lemo. To me kuke tsammani? Gwiwa ta yi halinta. Tsohon ya ji daɗi ya dafa masa kafaɗa, matan suka ɗauki hoto. A bayansu kuwa ga ƙaton gunki na zaune, ruwan zinariya, ya fi motar tsawo.

A bakin tafki yana shan askirim aka turo masa hotunan tafiyar. Bawan Allah ko dubawa bai yi ba, ya kwashe su kaf ya zuba a guruf ɗin masallacinmu na waya, ya rubuta: "Bon, jama'a, ku ga ruwa, ikon Allah!"

Wa ya kalli ruwa? Kafin askirim ya narke, Alhaji Sanda, shugaban kwamitin masallaci, ya saki saƙon murya na minti tara.

Ranar Lahadi aka zaunar da Chaïbou bayan la'asar.

"Alhaji, gaisuwa ce kawai," in ji Chaïbou. "Tsohon ya girme mu duka."

"Durƙuso na Allah ne shi kaɗai!" in ji Alhaji.

Wallahi raina ya ɓaci. Shekara nawa mutumin nan yana zube musu a filin ajiye motoci, har cikin sanyin Janairu, ba wanda ya taɓa ce masa tashi. Aka karɓe lasifika aka ba wani.

Chaïbou ya miƙe ya kakkaɓe wando. "Na ji, Alhaji. Na tuba."

Ya kuwa tuba da gaske. Tun daga ranar a tsaye yake gaida kowa, ƙiƙam, ya miƙa hannu yana kallon mutum cikin ido. Sabon ladanin kuma sau uku yana makara a sati guda.

Watan jiya Alhaji Sanda ya tare ni a bakin masallaci, wai Amirka ta lalata Chaïbou, ko rusunawa ba ya yi. "Ka gaya masa ya zo ya durƙusa ya ba da haƙuri, a mayar masa da lasifikarsa."

Na kai saƙo. Chaïbou ya yi ta dariya har da hawaye, can na lura dariyar ta tsaya, hawayen ba su tsaya ba. Har yau bai je ba.