Ƙashin Gwaggo da Ƙadangaren Tele

Mutanen ƙauyenmu ba su iya dariya kaɗan ba. In suka samu abin dariya sai sun gwagwiye shi har ɓargo, kuma ba ruwansu da wanda ake gwagwiya. Na faɗa, wanda ya ji haushi ya same ni a Belbeji, kowa ya san gidan aurena.

A ƙauyen nan, can wajen Falanko, gwaggona take, yayar babanmu. Mijinta ya rasu tun ina goye, 'ya'yan da ta haifa kuma ba wanda ya yi rai. Abin da ta gada a duniya ƙashi ne guda ɗaya, yana kwance cikin wata 'yar bukka a bayan ɗakinta. Tsawonsa ya kai na namiji tsayayye, ya yi baƙi, ya zama dutse, ƙarti biyu ba sa ɗaga shi. Mun tashi mun tarar ana cewa ƙashin cinyar kakanmu ne na farko, Basamude, irin manya-manyan mutanen dā, wanda ya haƙa rijiyar garin da hannunsa. Duk yaron da ya isa tafiya ya ƙi tashi, wurin gwaggo ake kawo shi. Ta kwara ruwa a kan ƙashin, ta tara a ƙoƙo, ta shafe ƙafafun yaron, ta ɗura masa sauran. Uwar ta ajiye tiyar hatsi, wato kwanon awo guda, ta yi godiya. Gwaggo ba ta da gona, ba ta da mai noma mata, da wannan hatsin take ci, kuma saboda ƙashin ne masu furfura suke durƙusawa in za su gaishe ta.

Shekarar da abin ya faru, lokacin kaka, na je gida ganin dangi. Wani ɗan garin da ya dawo daga cin rani ya kafa rumfar kallo a bakin kasuwa, da fano mai jan hasken rana da baturi da tele, wato akwatin talabijin. Ya zo da wani shiri mai dogon zango a kan dabbobin da suka ƙare tun kafin ɗan Adam, kullum bayan la'asar ana sa zango guda. Da faransanci ake maganar, malamin lakwal, wato makarantar boko, yana fassarawa. Shi ya ce sunansu dinozor, amma ba wanda ya wahalar da bakinsa, aka ce ƙadangaren tele. Maza suna zaune a tabarmi, mu mata muna leƙe ta bayan zana.

Kai, na ji ra'ayi iri-iri a rumfar nan! Mahauci ya ce shi damuwarsa ɗaya, ta ina za a kama wannan wuyan a yanka. Wani Buzu da ya kawo raƙuma kasuwa ya ce dabbar banza ce, ba ta da tozo ba ta da wurin ɗora sirdi, kuma a wata ɗaya za ta cinye ciyawar ƙasarmu ta Damargu kaf. Liman ya ce zane ne, ƙarya ce, amma bai taɓa fashin zuwa ba. Wata maƙwabciyarmu ta ce mai gajerun hannuwan nan sak mijinta, baki ne kawai da ciki. Har nan dariyar ba ta da mai rauni.

Sai ranar da aka nuno wasu Turawa a cikin rairayi suna share ƙasa a hankali daga jikin wani abu baƙi dogo. Ɗayansu ya kwanta kusa da shi don a ga tsawonsa. Ni dai na gane shi tun kafin malamin lakwal ya buɗe baki, don na san ƙullutun kan nan, na san lanƙwasar nan, a kansu na yi wasa ina yarinya. Can sai telan garin ya miƙe ya nuna tele da yatsa ya ce, "La ilaha! Ga kakan su wance can!" Telan nan, wallahi, uwarsa a goye ta kawo shi wurin gwaggo yana jan gindi da ƙafafu kamar zare. Shi ne ya fara, sauran suka ɗauka.

Kafin gari ya sake wayewa sunanmu ya koma jikokin ƙadangare. In ƙadangare ya hau katanga yana gyaɗa kai, sai a ce da ƙannena, "Ba ku gani ba? Kakanku yana amsa gaisuwa." Ɗiyar wana ta dawo daga rijiya da kuka an ɗaga mata zane wai a ga wutsiya. Wan nawa kuwa, maimakon ya ji haushin masu zagi, sai ya ji haushin gwaggo.

Masu zagin ba su bar gwaggo ta ji a bakin mutane kawai ba. Suka aika wai malamin lakwal yana gayyatarta, suka shimfiɗa mata tabarma a gaba, inda ko maigari bai taɓa zama ba. Ta yafa mayafinta na zuwa suna, baiwar Allah, ta zaci girma ne. Na ce, "Gwaggo, kada ki je." Ta ce, "Ɗiyata, an kira ni da mutunci, ba na ƙin amsawa." Na bi ta ina cizon haƙora. Aka sake sa zangon. Ba wanda yake kallon tele, duk ita ake kallo, samari sun ɗaga wayoyi a fuskarta.

Idonta ya yi rauni, sai da ta matsa har hancinta ya kusa taɓa gilashin. Ta ga ƙashin, ta ga dabbar da aka ce nata ne tana takawa, ƙasa tana girgiza. Tela ya ce, "To Inna, yaya kika ga tsohon naku?"

Ta ce, "Na ga ƙafarsa tana ɗauke da jiki kamar rumbu ba ta lanƙwashe ba. Ba tafiya kuke zuwa nema a wurina ba?"

Na rantse da a nan aka tsaya, da ta fita da sauran mutuncinta, don har wasu sun fara sunkuyar da kai. Amma liman, wanda jiya-jiya yake cewa zane ne, ya gyara murya ya ce in dai haka ne, to shekara da shekaru ruwan wankin mushe ake ɗura wa 'ya'yan Musulmi. Shi ke nan. Matan da ke bayan zana, waɗanda na san 'ya'yansu ɗaya bayan ɗaya a kan cinyar gwaggo suka fara tsayuwa, suka shiga tofar da yawu. Wata ta ce shi ya sa ɗanta ba ya jin magana. Wata ta ce a biya ta hatsinta. Gwaggo ta miƙe tana laluben takalminta, wani ɗan iska ya riga ya ture shi baya, ta fita da ƙafa ɗaya ba takalmi.

Washegari da hantsi wana ya zo da abokansa da guduma irin ta masu fasa dutse. Gwaggo ta kwanta a kan ƙashin, suka ɗaga ta kamar buhun ƙaiƙayi suka ajiye gefe. Na zage su tas, na zagi har uwar da ta haife mu tare, ba wanda ya waiwayo. Suka farfasa shi, suka zuba a amalanke, suka kai kududdufin bayan gari. Yara suka yi ta kwasa suna sawa a danƙo suna harbin tsuntsaye.

Daga ranar ba wanda ya sake ajiye mata tiya. Na roƙe ta ta bi ni Belbeji, ta ce ba za ta mutu a gidan suruki ba. Ta koma yin sussuka da surfe a gidajen mutane ana ba ta tsaki da dusa, tsohuwar da ba ta ɗaga taɓarya sai da nishi. Abin da nake aiko mata da shi, rabi yake isa hannunta. Da bazara aka aiko mini ƙafafunta sun ƙi ɗaukarta. Na tarar da ita tana jan gindi daga ɗaki zuwa inuwa, kuma ina tsaye tela ya leƙo ta kan darni ya ce, "Inna, a kira ƙadangare ya duba ki?" Na jefe shi da murfin tukunya, na yi baƙin cikin da ban same shi ba.

Da muka rage mu biyu ta kama hannuna ta ce, "Ɗiyata, je ki kududdufi ki dubo mini ko ɗan ɓalli ya rage." Na je. Kududdufin ya ƙafe, na tona busasshen taɓo da hannuna har farcena ya yi jini, ban samu ko kamar ƙwayar gyaɗa ba. Na kasa komawa hannu wofi. Na tsinci wani baƙin dutse, na wanke shi, na sa a ƙoƙo da ruwa na kai mata.

Ta sa hannu ta ciro shi. Ta shafa da babban yatsa, ta juya, ta sake shafawa. Sannan ta ajiye shi a ƙasa a hankali, ta ture ƙoƙon, ta ce, "Har da ke?"