Ranar da Na Kai Farfesa Bakin Iyaka

Ɗan gwaggona farfesa ne a fannin shari'a. Haka ake faɗa, haka ni ma nake faɗa idan an tambaye ni, amma idan aka matsa mini a kan abin da yake yi daga safe zuwa yamma, ban sani ba. Shi ba alƙali ba ne, bai taɓa ɗaure kowa ba. Ba kuma irin lauyoyin nan ba ne da ake gani a bakin kotun Kazaure da baƙar kwat suna sharce gumi. Ya taɓa ce mini aikinsa biyu ne, tsarin mulkin ƙasa da dokokin ciniki tsakanin ƙasa da ƙasa. Na ce to.

Tare muka taso. A ƙasar Gwiwa aka kai gwaggo aure, da mijinta ya rasu ta dawo gidanmu a Roni da shi yana rarrafe, aka haɗa mu a tabarma ɗaya. Ni ɗan namiji ne, shi ɗan mace, don haka tun kafin mu iya ɗaura wando nake ce masa bawana, shi kuma ya ce ubangidan da ba ya iya lissafi bai cancanci bawa ba. Sakandare ma tare muka shiga a Kazaure. Ni a aji uku na tsaya. Ba wanda ya cire ni. Turanci ne ya ƙi shiga kaina, na kuma ga sa'o'ina a tasha suna cin tsire da guminsu.

Shi ya wuce. Kano, Zariya, Legas, daga nan wata ƙasar Turawa mai sanyi, ya dawo da tabarau da tari. Duk wannan tafiyar gwaggo jira take ranar da za a naɗa shi alƙali. Da aka ce ya zama dakta ta tambaya ko ya bar shari'ar ne ya koma asibiti. Da aka ce ya zama farfesa ta daina tambaya.

Idan ya zo gida da salla, zauren gidanmu cika yake. Mai rikicin iyakar gona, mai rabon gado, wanda shanu suka shiga wa dawa. Ya zauna ya saurare su har ƙarshe, sannan ya ce wannan ba fanninsa ba ne, su je wurin mai unguwa ko alƙali. Wasu suka ce girman kai ne. Wani dattijo ya ce a'a, karatun ne ya yi yawa har ya zarce wurin amfani. An taɓa sa shi a kwamitin gyaran tsarin mulki, muka riƙa jin muryarsa a rediyo, gwaggo ta rungume rediyon a ƙirji. An ce an yi gyaran. Ni dai na duba Roni sama da ƙasa, ban ga inda gyaran ya faɗa ba.

Sana'ata dabino. Ina shigo da shi daga Nijar ta Babura, in sayar wa masu tebur a Kazaure. Dabino kuwa kasuwarsa azumi ce. Idan watan ya wuce yana hannunka, sai dai ka bi masu ɗaurin aure kana roƙo.

A shekarar da nake magana iyaka a rufe take, amma irin rufewar da muka saba, wadda buhu kaɗan-kaɗan ke wucewa. Na sayar da shanun huɗata na zuba komai a dabino. Mu da yawa muka haɗa kaya a mota ɗaya. Gaba da Babura kaɗan masu kaki suka tare ta a shinge, suka sauke kayan kaf a wata rumfa, azumi na ƙaratowa.

Irin wannan matsala tana da hanyarta, kowa a wurin ya sani. Akwai wani tsohon dillali da muke ce wa Baba. Shi ke shige wa mutane gaba. A je a cire takalmi, a tsuguna, a sha faɗa, kar ka tanka. Gobe a koma, jibi a koma. Idan fushi ya sauka a ja muku kunne a ce ku kwashe. Baba ya ce mu natsu, kada wanda ya kira kowa, kada wanda ya nemi takarda. Na ji shi, amma a zuciyata na ce wannan maganar marasa gata ce. Na taɓa jin ɗan gwaggona da kunnena a rediyo yana cewa akwai yarjejeniya tsakanin ƙasashenmu, amfanin gona ba a tare shi a iyaka. Dabino dai ba a ƙera shi a masana'anta. Ga mutumin da ya san dokar nan fiye da wanda ya rubuta ta, kuma tuwon gidanmu ya ci ya girma. Ni in je in tsuguna?

Na buga masa waya. Ban taɓa jin ya yi murnar kirana kamar ranar ba. Kafin ya iso na gama baza wa kasuwar Babura ta waya cewa yau za a ga aiki.

Ya same ni a Kazaure a wata ƙaramar mota, shi ke tuƙa kansa, ba ɗan sanda, ba ko babbar riga. Na ce bawana, haka za ka je? Ya ce ai ba ɗaurin aure ba ne. A hanya na tambaye shi ko ina da gaskiya. Ya ce ina da ita. Na ce alhamdu lillahi. Sai ya ce su ma suna da ita. Wai yarjejeniyar ta ce kaya su wuce, tsarin mulki kuma ya ba gwamnati ikon rufe ƙofarta idan ta ga dalili, kuma wanne ne a sama a irin wannan hali, abin da ya yi shekaru yana rubutu a kai ke nan. Na ce to me rubutun ya gano? Ya ce ya gano cewa ba a warware ba tukuna. Yana faɗa yana murmushi, har yana sakin sitiyari.

A shingen an karɓe shi da mutunci. Babbansu, wani dogo mai sanyin magana, ya sa aka kawo kujera da ruwa, yana ranka ya daɗe, yana cewa ya sha jin sa a rediyo. Na tsaya a bayansa na harɗe hannu. Farfesa bai ɗaga murya ba. Tambaya kawai ya yi, a ƙarƙashin wace doka aka riƙe kayan, kuma ina shaidar da aka ba mai su.

Na ga fuskar dogon ta canza. Ya nemi izini ya koma gefe da waya. Da ya dawo sai ya sa aka ware buhunana daga na sauran, aka auna, aka rubuta, aka buga hatimi, aka miƙo mini in sa hannu. Ya ce, "Ranka ya daɗe, tunda abin ya zo ta nan, ya fi ƙarfina. Kayan nan babban ofis za su tafi."

Farfesa ya taɓa kafaɗata ya ce yanzu mun samu abin riƙewa. Ni duk a zatona mun ci. An ware nawa daban, an ba ni kujera, an kira ni malam. Har na leƙa inda abokan tafiyata ke tsugune na ce musu sannunku da zama. Baba ya dube ni ya tofar da tuƙar goro.

"Ɗana, ka tura kayanka inda gaisuwata ba ta kaiwa."

Kafin a ga wata duk sun kwashe nasu. Nawa mota ta tafi da su birni.

Azumin nan a Kazaure na yi shi, ina wucewa ta gaban teburan da na saba cikawa, ina sayen dabinon buɗa-baki a ƙulli kamar baƙo. Farfesa ya shigar da ƙara. Ba ma shi ke tsayawa ba, wani tsohon ɗalibinsa ya sa, shi yana zaune a baya yana rubutu. Na je kotun sau da dama. Da Turanci ake yi, sunana kaɗai nake tsinta, shi ma a karkace. A tashi, a sunkuya, a ce an ɗaga. Idan mun fito ya ce yau an ci gaba sosai. In ce dabinon fa? Ya ce yana nan lafiya, ai yanzu ba mai iya taɓa shi. Ya aiko mana da shinkafa da mai, ban ce bai yi ba. Na karɓa, ban yi godiya ba.

Gwaggo kuwa duk wanda ya shigo sai ta gaya masa ɗanta yana shari'a da gwamnati a kan kayan ɗan wanta. Lokacin ne ta fara ganin amfanin karatun.

Sai da aka buɗe iyaka, bayan wani azumin ma ya zo ya wuce, aka aiko in je in ɗauki kayana. Ba tara, ba faɗa, har da sannu. Da aka buɗe sito warin tsami ya fara tarbata. Buhunan sun manne da juna, na soka hannu a ɗaya na ciro gari da ƙwari. Na dai sa hannu na loda, don ban san me ake yi ba in ba haka ba.

Na kira shi daga bakin siton, ina zaton ko ba komai zai ce barka. Sai ya ce, "Ka sa hannu?"

"Na sa."

"Da ka kira ni tukuna. Yanzu kotu za ta ce ba sauran abin jayayya. Sun gudu ne, ɗan kawu. Sun ga za a yanke, suka gudu."

"Su suka gudu, ni na kwashi ruɓa. To wa ya ci?"

"Ba wanda ya ci."

Na ce ya bar ni da wannan, abu ɗaya nake so in sani in huta. Ranar da na ɗoro dabinon nan a mota, na yi laifi ko ban yi ba? Ya ja numfashi. Daga muryarsa na gane shi ma abin ya yi masa ciwo, sai dai ba a wurin da ya yi mini ba. Ya ce abin da muka je kotu ta gaya mana ke nan.

Na kai kayan Roni. Maiɗakina ta baje su a tsakar gida tana tsinta, ba ta samu cikin kwano mai kyau ba. Wani mai kiwo daga Yankwashi ya zo ya duba ko tumakinsa za su ci, ya shinshina, ya ce in yi haƙuri. A bayan gari na haƙa rami na zuba.