Ranar da Na Ɗauki Hoton Ƙwarya

Na shekara arba'in ina ɗaukar hoto, na ɗauki angwaye da 'yan kasuwa da malamai har na manta fuskokin yawancinsu, amma hoton wata ƙwarya da na ɗauka a kasuwar Potiskum zamanin Turawa, wannan kam sai dai in tafi da shi kabari.

Lokacin ban daɗe da dawowa daga Jos ba, inda na koyi sana'ar a hannun wani mutumin kudu. Ina da akwatin hoto mai ƙafa uku da baƙin ƙyalle da nake cusa kai a ciki, ina da ɗan labule mai zanen bene da nake ratayawa a bayan mutum. Gaskiya a lokacin kaina ya yi girma. Duk garin ni kaɗai ke wannan aiki, na sa hula a karkace, ina jin ni ma wani ne.

Wata ranar kasuwa da hantsi sai ga wata tsohuwa Bafulatana daga wajen Mamudo, 'yarta na riƙe da hannunta saboda idanunta sun soma yin hazo. Muka gaisa, na jawo kujera na ce, "Inna, zauna nan, ki ɗaga kai kaɗan." Ta ƙi zama. Ta kwance wani ƙunshi, ta fito da ƙwarya babba da ta sha hannu har ta yi ja, ta ɗora a kan kujerar. Da Hausarta mai karyewa ta ce, "Ba ni ba, ɗan nan. Ita za ka ɗauka."

Raina ya ɓaci. Masu rumfunan kusa da ni har sun fara dariya, wani mai sayar da igiya yana cewa in ce wa ƙwaryar ta yi murmushi. Na ce wa 'yar, "Ke, wasa kuka zo yi da ni?"

Sai ta ja ni gefe ta yi mini bayani. Yayanta, ɗan farin tsohuwar, ya bar gida shekara tara da suka wuce, yana haƙar kuza a Bukuru. An aika masa wasiƙa sau biyu da sunan kawunsu cewa idon uwarsa na tafiya, ya zo ta gan shi tun tana gani, shiru. Na ce to ita uwar ta aika da bakinta mana, ko in ɗauki fuskarta a kai masa. Ta kalle ni kamar na yi zagi. Ta ce, "Ɗan fari ne fa. Ko sunansa ba ta taɓa faɗa ba, balle ta ce ya zo. Ta kuma aika masa da fuskarta? Ai mutuwa ta fi mata sauƙi." Na san wannan kunyar, mu ma muna da ita, amma tasu ta fi tamu tsanani. Sai jikina ya ɗan yi sanyi.

Na koma wajen ƙwaryar. Gefe ɗaya an yi mata zane mai kyau, ɗaya gefen kuwa tsaga ce daga baki har gindi, an ɗinke ta da wani ɗinki karkatacce wanda ko ɗan koyon gyartai ba zai yarda a ce nasa ba ne. Ni da nake ganin aikina shi ne fito da kyan abu, sai na juya ɗinkin baya, na ɗauki gefen zanen. Na wanke hoton, na miƙa wa tsohuwar ina jiran yabo.

Ta kai shi daf da idonta ta daɗe tana dubawa. Sannan ta mayar mini ta ce, "Wannan ƙwaryar kowa ce. Ba tawa ba." Ta laluba da yatsa har ta taɓa ɗinkin. "Nan nake so. Kusa, yadda za a ƙirga zaren."

To, akwatina ba a yi shi don ɗaukar abu kusa haka ba, in ka matso sai komai ya dushe. Na tsaya ina sosa ƙeya, sai dabara ta faɗo mini. Irin akwatinmu, hoton farko a juye yake fitowa, baƙi ya koma fari, sai a manna shi a wani ɗan allo da ke gaban idon akwatin a sake ɗaukarsa. Wurin nan ne kaɗai idon ke gani kusa. Na cire allon, na ce wa tsohuwar ta riƙe ƙwaryar daidai wurin, kada ta motsa. Ta riƙe kamar an dasa ta. Da hoton ya fito, babu komai a cikinsa sai tsagar, da zaren ɗaya bayan ɗaya, da kan yatsunta biyu a gefe. Na ce a raina na ɓata takarda, don ba wanda zai gane ma ƙwarya ce. Ita kuwa ta duba ta gyaɗa kai, ta ce wa 'yarta, "A ba wa mai zuwa can." Ko "can" ɗin ba ta faɗi ina ne ba. Wani falken shanu suka ba ya tafi da shi.

Bayan kamar wata biyu, wani dogon mutum ya tsaya a rumfata, ya zaro hoton daga aljihu duk ya yamutse, ya ce, "Malam, kai ka ɗauki wannan?" Na ce ni ne. Ya zauna a kujerar ba tare da na ce ya zauna ba, ya ba ni labari. Ranar da zai bar gida sun yi saɓani da mahaifinsa, cikin fushi ya kai wa ƙwaryar nan sanda ta tsage. Gadon kakarsa ce, da ita uwar ta zo gidan aure. Ta tsugunna ta ɗauki ƙwaryarta, shi kuma ya fita. Shekara tara yana ganin ba shi da idon da zai kalle ta. Wasiƙun kawu ya ɗauka kawu ne kawai ke magana. Ya ce, "Da na ga ɗinkin nan na san hannunta ne, don ba ta iya ɗinki ba. Da ba ta yafe ba, da ta jefar."

Na tambaye shi ko ta gan shi. Ya ce da ido ɗaya, kaɗan-kaɗan. Na ce me ta ce maka? Ya yi ɗan murmushi ya ce ba ta ce masa komai ba. Ta juya masa baya, ta dama fura da nono a cikin ƙwaryar, ta ce wa ƙanwarsa, "Kai wa baƙo." Ya ce ya sha, ɗinkin na ɗan yoyo a hannunsa, yana kuka ba ya ko ɓoyewa. Ni ma a rumfar sai da na cusa kaina cikin baƙin ƙyallen nan kamar ina gyara wani abu.

Tun daga ranar na daina yi wa mutane gardama a kan abin da suke so a ɗauka. Na gane ba kowa ne ke ajiye kansa a fuskarsa ba. Wani a sandarsa yake, wani a allonsa, wata a ɗinkin ƙwarya. Kuma duk wanda ya kawo mini abu, kafin in juya shi ta gefen da ya fi kyau, sai na tambaye shi tukuna ta ina ne nasa.