Tagogin Hawa na Huɗu

Har yau in aka tayar da zancen benen nan a gidanmu, ni ake harara. Ni, da a lokacin nake yarinya 'yar shekara goma sha biyar, wadda ko kwabo ba ta zuba a ciki ba. Wanda ya gina shi kuwa yana can GRA yana shan iska, a gidan ƙasa fa, ba bene ba.

Abin ya faro ne shekarar da kuɗin man fetur ya hau kan mutanen Gombe. Kowa ya sayi babur, mai babur ya sayi rediyo ya ɗaure a bayan babur. Sai ga wani ɗan kwangila ya dawo daga Ikko da sabon salo. Zai gina bene hawa huɗu a tsakiyar gari, dab da kasuwa, kuma ba haya zai bayar ba, sayarwa zai yi, kowane hawa da mai shi.

Babana akawu ne a wurin awon auduga, mutumin da sai ya jijjiga ƙwai a kunne sau uku kafin ya saya. Amma ɗan kwangilar ya shimfiɗa masa zanen gini a zaure, ya yi ta zuba kamar famfon da ya lalace.

"Malam, ƙasa ta tsufa, arziki yanzu sama yake. Ɗauki na huɗu. Ya fi tsada, don shi ke da taga ta ko'ina, gari duk a tafin hannunka. Ma'aikatan banki za su yi layi suna roƙon haya. Kafin yarinyar nan ta gama makaranta ya ninka kansa."

Baba ya sayar da gidanmu na unguwar Kumbiya-Kumbiya, inda aka haife shi, ya sayi hawa na huɗun. Wai za mu ɗan zauna a benen kafin a sami ɗan haya, sannan kuɗin haya ya gina mana sabo a unguwar Arawa.

Goggo, yayar Baba, ta zo gani. Sau biyar ta zauna a matakala tana salati kafin ta iso.

"To, ina iyakar filinka?"

"Ba fili ba ne, Yaya, hawa ne."

"Ƙasan na wa?"

"Na wani."

"Wato ka ba da gidan ubanmu ka sayi tsakanin kan wani da tsuntsaye."

Ruwa ya ƙi hawa famfo, sai ni na zama famfon. Na hau da bokiti har wuyana ya shige cikin kafaɗa. Ranar da Inna ta kafa turmi, mutumin hawa na uku ya hauro da farin fenti a gashinsa yana tambaya ko yaƙi aka koma. Duk wannan na yafe, saboda tagogin.

Ga abin da ba wanda ya yi tunaninsa, daga mai zane har mai saye. Gidajen da suka kewaye mu duk na tsakar gida ne a buɗe, makewayinsu kuwa katanga ce ko zana, ba rufi. Tun kaka da kakanni katanga ta ishi kowa, don ba mai leƙowa daga sama sai shaho. Yanzu ga ni. Na san matar da ke ɓoye nama a ƙarƙashin kwando, na san mijin da ke ɗagawa in ta shiga ɗaki. Kwana tara na riƙe bakina. Ba wanda ya taɓa yaba mini wannan.

Rana ta goma ɗan haya ya zo, wani ma'aikacin banki ɗan Kaltungo, da matarsa mai takalmi ƙwas-ƙwas. Sun so wurin. Baba na nuna musu tagar gabas, ni ina ta yamma, sai na hango wani dattijo mai sayar da goro a makewayinsa, kai da kafaɗu kawai, ya gama wanka zai fito, ga kumfa dam a ƙeyarsa. Tsoho ne mai mutunci, zai shiga kasuwa haka a yi masa dariya. Taimako na yi niyya, wallahi.

"Baba mai goro! Da sauran sabulu a ƙeya!"

Ya duba dama, ya duba hagu, sannan ya ɗaga kai. Ihun da ya yi, na tabbata an ji shi a tashar jirgin ƙasa. Unguwa duka ta ɗaga kai. Mata suka watse, wata ta kifa faranti a ka, wata ta shige ƙarƙashin tabarma da ɗanta. Matar ma'aikacin bankin ta ja hannun mijinta, ƙwas-ƙwas har ƙasa.

Kafin la'asar dattawa sun cika ƙofar mai unguwa. Aka kira ɗan kwangila, ya zo a mota, bai ko kashe ta ba.

"Ranka ya daɗe, ni taga na sayar. Idon 'yar akawu ba ya cikin ciniki."

Kuma aka bar shi ya tafi! Aka yanke cewa duk tagar da ke kallon gidan mutane a toshe ta da bulo. To wacce ce ba ta kallon gidan mutane? Ɗaya tak, ta saman matakala, mai kallon bangon injin niƙa. Baba ne ya biya magini, ya tsaya yana kallo ana liƙe abin da ya fi tsada a cinikinsa. Ni kuma na sha dundu wurin Inna, kamar ni na ɗora bulo hawa huɗu a kan makewayin jama'a.

Ba ɗan hayar da ya sake hawowa. Masu saye biyu sun zo, suka tarar da mu da fitilar ƙwai da tsakar rana, suka ce za su yi shawara.

Bayan wata uku Baba ya sa babbar riga, ya kama hannuna, muka je Kumbiya-Kumbiya ya roƙi wanda ya sayi gidan ya mayar masa. Mutumin ya shimfiɗa mana tabarma a zaure, ya sa aka kawo ruwa, ya saurari Baba har ƙarshe. Sannan ya ce ya yi haƙuri, iyalinsa sun saba da wurin.

Muka kama hanyar komawa. Da muka iso gindin matakala Baba ya ɗauki bokitin da na bari a nan, ya cika shi a famfon ƙasa, ya hau da shi da kansa.