Layin da Na Gyara a Wuyan Kaka

Bayan an yanke wa Kaka ciwon daji a ƙarƙashin harshe, likita ya zana mata shuɗayen layuka a wuya, inda inji zai riƙa gasawa. Ya ce kada ruwa ya taɓa su. Kaka ta ce to. Muna komawa gida a unguwar Lugbe ta yi alwala, har da shafar wuya.

Da safe rabin layi ɗaya ya goge. Ta miƙo mini kwallinta ta ce, "Ke mai cin na ɗaya a zane, gyara aikin yaron nan." Na gyara, amma layin ya ɗan karkata wajen kunne. Ban gaya wa kowa ba.

Bayan shekara ciwon ya dawo, abinci ya daina shigarta. A asibiti na faɗi laifina ina kallon takalman likita.

Ya yi dariya. Ya ce tun ranar suka gane kwallin suka sake awo, kuma a bakin tsohon yankan ciwon ya dawo, inda ya saba dawowa.

Kaka ta ce, "Kai dai likita, nata layin ya fi naka kyau."